Zaɓen Makarantar Sakandare a Birni: Suna ko Dacewa?

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara, idan lokacin cike takardun jarrabawar shiga sakandare ya zo, akwai wata tambaya da takan yi ta yawo a tsakanin magidanta a garuruwa irin su Garbadu da ke Ƙaramar Hukumar Talatar Mafara, da maƙwabtanta na ƙasar Bakura da Maradun. Uba zai samu malamin ɗansa bayan sallar la'asar, su gaisa, sa'annan ya ce: "Allah gafarta Malam, ga ɗanka nan an ce yana da ƙoƙari. Ina ka ga ya dace a kai shi, Gusau ko Sakkwato?" Mai wannan tambaya galibi manomi ne ko ɗan kasuwa wanda bai taɓa shiga ajin sakandare ba, amma ya ji sunayen manyan makarantun gwamnati a bakin jama'a, yana kuma shirye ya sayar da buhun gero ko tunkiya domin ɗansa ya shiga ɗaya daga cikinsu.

Amsar da malami zai bayar a wannan zama na 'yan mintoci tana iya juya rayuwar yaro ta shekara uku ko shida, har ma da abin da zai biyo bayansu. Wannan muƙala tana da ra'ayin cewa sunan makaranta shi ne mafi raunin ma'aunin da ake dogara da shi wajen wannan zaɓe, duk da cewa shi ne aka fi amfani da shi. Abin da ya kamata a auna shi ne aikin da ake yi a cikin aji a yau, da kuma dacewar makarantar da shi wannan yaro da halin gidansu. Malamin da ya koyar da yaron ne ya fi kowa cancantar yin wannan awo, saboda haka wajibi ne ɗalibin kwalejin ilimi ya san yadda ake yin sa tun kafin ya fara aiki.

2.0 Makarantun da ake zaɓe a tsakaninsu

Talatar Mafara tana bisa hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato, don haka idon mutanen wannan yanki yakan kalli biranen biyu. Kafin a ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, Sakkwato ce babban birnin jiha, kuma har yanzu zukatan dattawa da yawa suna can. Makarantun gwamnati masu tsananin karatu da ake magana a kansu sun kasu gida uku.

Kashi na farko su ne kwalejojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kan ƙasa. Ta Sakkwato tana cikin ukun farko da aka buɗe a 1966, tare da ta Warri da ta Okposi. A Zamfara akwai ta 'yan mata a Gusau, akwai kuma ta Anka. Manufar kafa su ita ce a haɗa yaran sassan Nijeriya a ɗaki ɗaya da aji ɗaya domin su san juna tun suna ƙanana. Hanyar shigarsu ita ce jarrabawar bai-ɗaya ta ƙasa, wadda ta koma hannun hukumar NECO bayan an kafa ta a 1999.

Kashi na biyu su ne makarantun sakandaren kimiyya na jihohi. Jihar Kano ce ta yi fice da wannan tsari lokacin da ta buɗe makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, da nufin samar wa jihar likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. An ware musu hukuma ta musamman, aka zaɓo ɗalibai ta hanyar jarrabawa, aka tanadi malamai da kayan gwaje-gwaje. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi binciken digirinsa na uku a kan waɗannan makarantu a Jami'ar Sussex da ke Ingila. Wasu jihohin Arewa sun bi sawu, suka ware makarantun kimiyya nasu.

Kashi na uku su ne tsofaffin makarantun da tarihi ya ɗaukaka, irin su Kwalejin Nagarta a Sakkwato, da Rumfa a Kano, da Alhudahuda da Barewa a Zariya. Barewa ta samo asali ne daga Kwalejin Katsina ta 1921, kuma a jerin tsofaffin ɗalibanta akwai Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari. Ba abin mamaki ba ne idan uba ya ji irin waɗannan sunaye ya yi fatan ɗansa ya taka inda suka taka.

3.0 Abin da suna yake ɓoyewa

Suna kan daɗe bayan abin da ya jawo shi ya gushe. Makaranta takan yi suna ne saboda wasu malamai da wani shugaba da suka haɗu a wani zamani. Malamai sukan yi ritaya, a yi wa shugaba canjin wurin aiki, rufin ɗakin gwaje-gwaje ya yaye, amma sunan yana nan a bakin mutane shekara ashirin bayan haka. Haka kuma wata makarantar da ba a san ta ba takan dace da shugaba mai himma ta farfaɗo, ba tare da labarin ya kai ƙauye ba. Wanda ya zaɓi makaranta saboda sunanta kawai yana iya kasancewa ya zaɓi makarantar da kakan yaron ya sani, alhali wadda yaron zai tarar wata ce dabam.

Akwai kuma wani ruɗi da ya fi wannan zurfi. Makarantar da take tace ɗalibai da jarrabawa, ta ɗebi mafi hazaƙa a jiha, dole ne sakamakonta ya yi kyau a ƙarshe, ko da koyarwarta ba ta fi ta sauran ba. Manomin da ya shuka zaɓaɓɓen iri a fadamar Bakolori ba zai ce iya nomansa kaɗai ya ba shi amfani mai yawa ba. Tambayar da ta dace ita ce: me makarantar ta ƙara wa yaron a kan abin da ya zo da shi?

Masana tattalin arziki sun gwada amsa wannan tambaya ta wata hanya mai sauƙin fahimta. Sukan kwatanta yaran da suka haye makin shiga da ƙyar da waɗanda suka rasa shi da ƙiris, domin a zahiri waɗannan rukunai biyu ƙoƙarinsu kusan ɗaya ne, bambancinsu kawai shi ne makarantar da suka shiga. A 2014 Joshua Angrist da abokan aikinsa biyu suka wallafa irin wannan bincike a kan fitattun makarantun gwamnati masu jarrabawar shiga a biranen Boston da Niyok na Amurka, suka tarar da ɗan bambanci ƙwarai a sakamakon jarrabawar rukunan biyu. A wannan shekara kuma Adrienne Lucas da Isaac Mbiti suka yi makamancinsa a kan manyan makarantun ƙasa na Kenya, suka cim ma kusan abu ɗaya. An sami wasu bincike, kamar wanda aka yi a ƙasar Romaniya, da suka nuna cewa shiga makaranta mafi ƙarfi yana ƙara wa yaro maki. Darasin da ke cikin wannan saɓani shi ne, fa'idar babbar makaranta ba tabbas ba ce, sai an bincika kowace da kanta.

Ga yaron Zamfara akwai wani al'amari na musamman. Domin a ba kowace jiha rabonta a kwalejojin tarayya, an daɗe ana sassauta makin shiga ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. A jerin makin da aka fitar a 2013, an nemi maki 139 daga yaron Anambra, aka nemi maki 4 daga namijin Zamfara, 2 daga mace. A watan Afrilun 2018 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta koka cewa yara 28 kacal suka yi rajistar jarrabawar daga Zamfara baki ɗaya. Ma'anar wannan ita ce samun gurbi ba shaida ba ce ta cewa yaro ya shirya. Ƙofa ce aka buɗe masa da kyakkyawar niyya, amma idan ya shiga, a aji ɗaya zai zauna da wanda ya ci maki ɗari da ɗoriya, da Turanci za a koyar da su duka, kuma takarda ɗaya WAEC da NECO za su miƙa musu a ƙarshe, ba tare da wani sassauci ba.

Daɗin daɗawa, yawan kiredit da makaranta take tinƙaho da shi yana buƙatar a dube shi da idon basira, domin satar amsa ta ɓata wannan ma'auni a wurare da dama. Ɗalibin da ya fito da kiredit tara amma ya kasa kai bantensa a jarrabawar JAMB, ko ya shiga jami'a aka kore shi a shekarar farko, ya tona asirin makarantar da ta yaye shi.

4.0 Ma'aunan da suka dace

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk wanda zai ba da shawara a kan makaranta, ya kamata ya taka ƙafa ya je, ko ya nemi wanda ya je kwanan nan. Abubuwan dubawa kuwa ba su buƙatar digiri.

Na farko shi ne malamai. Shin akwai malamin Lissafi da na Turanci da na Fizis da na Kemistiri da na Bayoloji na dindindin, ko kuwa 'yan bautar ƙasa ne waɗanda za su tafi bayan shekara? Jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar, ciki har da Turanci, kuma mai son karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo dole ya haɗa da Lissafi da darussan kimiyyar nan uku. Makarantar da ta yi zango biyu ba malamin Fizis ta rufe wa ɗalibanta wannan hanya, komai girman allon da ke ƙofarta.

Na biyu shi ne yawan ɗalibai a aji. Tsarin Ilimi na Ƙasa, bugun 2004, ya ƙayyade malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Sau da yawa shaharar makaranta ita take jawo mata cunkoso, domin kowane mai faɗa-a-ji yana son a cusa nasa. Idan aji ya ninka wannan adadi, malami ba zai iya duba aikin gida ba, kuma yaro mai kunya da ya fito daga ƙauye shi ne na farko da zai ɓace a kujerar baya.

Na uku shi ne ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin karatu. Samuwar ginin ba ta wadatar ba. A tambayi ɗalibin aji biyu na babbar sakandare yaushe rabonsa da ya riƙe kwalbar gwaji da hannunsa. Idan amsarsa ita ce sai ana gab da jarrabawa ake buɗe ɗakin, to kimiyyar makarantar ta allo da alli ce.

Na huɗu, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi faɗin gaskiya, shi ne littafin rubutun ɗalibi. A karɓi littafin Lissafi na yaro ɗaya a buɗe. Kwanan watan da ke kai zai nuna ko ana shiga aji a kai a kai. Jan biro zai nuna ko malami yana duba aiki. Gyaran da yaron ya yi zai nuna ko ana komawa kan kuskure. Littafi ɗaya irin wannan ya fi jawabin ranar ba da kyaututtuka bayyana halin makaranta.

Bayan an auna makaranta, sai a auna yaro. Wani yaron gasa takan ƙara masa kuzari, idan ya ga waɗanda suka fi shi sai ya ɗaura ɗamara. Wani kuwa, wanda ya saba zama na ɗaya a Garbadu, idan ya wayi gari shi ne na hamsin a Gusau sai zuciyarsa ta karye, ya tsani karatun gaba ɗaya. Akwai kuma batun shekaru. Ɗan shekara 11 da bai taɓa kwana a wajen ɗakin mahaifiyarsa ba, ba daidai yake da ɗan shekara 15 da ya gama ƙaramar sakandare ba. Sau da yawa abin da ya fi shi ne yaro ya yi shekara ukun farko a kusa da gida, ya ƙarfafa Turancinsa da Lissafinsa, sa'annan ya nemi makarantar kimiyya a matakin babbar sakandare.

Sai batun aljihu. Ana cewa karatu kyauta ne a makarantun gwamnati, amma akwai kuɗin kwana da abinci da tufafin makaranta da littattafai da guzuri da kuɗin mota sau shida a shekara, ban da ziyara da rashin lafiya. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga kuɗin da sabon ɗalibi yake biya a kwalejojinta daga naira 45,000 zuwa naira 100,000. Lissafin da ya kamata a yi da uba shi ne na shekarun karatun duka, har da shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Yaron da aka cire daga babbar makaranta a tsakiyar hanya saboda kuɗi ya ƙare ya fi wanda ya kammala matsakaiciya hasara.

5.0 Batun tsaro

A wannan yanki ba a iya maganar zaɓen makaranta a tsallake tsaro. A daren 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe, a ƙaramar hukuma ɗaya da Garbadu, suka kwashe ɗalibai, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. A watan Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantu. Kafin waɗannan an yi na Ƙanƙara a Jihar Katsina a watan Disamban 2020, a makarantar kimiyya, kuma a watan Yunin 2021 aka yi na Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri.

Wannan jeri ya nuna cewa masifar ta taɓa makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, ta jiha da ta tarayya. Saboda haka tambayoyin da za a yi na zahiri ne. A ina makarantar take, cikin gari ko bakin daji? Tana da katanga da masu gadi? Yaya hanyar zuwa take a lokacin hutu da komawa? Sau nawa aka rufe ta a 'yan shekarun nan, kuma me aka yi wa ɗalibai a lokacin rufewar? Wannan dalili ne ya ƙara wa makarantun cikin birni daraja a idon iyaye, kuma ba a ga laifinsu ba. Abin tsoro shi ne a mayar da tsaro hujjar ajiye 'ya mace a gida. Idan uba ya ce ba zai kai 'yarsa makarantar kwana ba, aikin malami shi ne ya nemo masa mafita, kamar ta zauna wurin gwaggonta ko kawunta a Talatar Mafara ko Gusau tana zuwa makarantar jeka-ka-dawo, maimakon a rufe maganar karatunta.

6.0 Hujjar masu fifita suna

Masu fifita manyan makarantu suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Sukan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wato yaron da ya zauna cikin masu himma zai yi himma. Sukan ce abokan da aka yi a irin waɗannan makarantu su ne gobe za su zama manya, su riƙa taimakon juna, kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sukan gyara gine-gine su sayi littattafai. Sukan ƙara da cewa yaron ƙauye da ya zauna ɗaki ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi zai buɗe ido, harshensa na Turanci ya saki. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma jarrabawa ba ta auna su.

Sai dai waɗannan fa'idoji suna samuwa ne ga yaron da ya iya tsayawa da ƙafarsa a makarantar har ya kammala. Wanda aka maimaita wa aji sau biyu sa'annan aka sallame shi ba ya cikin taron tsofaffin ɗalibai. Don haka ra'ayin wannan muƙala ba ya hana kai yaro babbar makaranta. Yaron da aka auna aka ga ya isa, zalunci ne a tauye shi saboda tsoro ko don iyayensa talakawa ne. Abin da ake ƙi shi ne a tura yaro domin a ce ɗan wane yana makaranta kaza.

7.0 Nauyin da ke kan malami

Ɗalibin da yake karatun NCE a Kwalejin Ilimi ta Maru ko wata irinta, mai yiwuwa ne a tura shi firamare ko ƙaramar sakandare a gari kamar Garbadu, inda shi ne zai zama tagar da iyaye suke leƙen birni ta cikinta. Nauyi uku ne a kansa.

Na ɗaya, ya faɗi gaskiya game da yaro. Zama na ɗaya a aji ba ya nufin komai idan yaron bai iya karanta sakin layi na Turanci ya bayyana ma'anarsa da Hausa ba, ko bai iya rabawa da ninkawa ba. Malamin da ya ɓoye wannan domin ya faranta wa uba rai ya jefa yaron cikin wahalar da ba zai kasance a wurin ba ranar da za ta bayyana. Na biyu, ya tara sani game da makarantu: ya riƙa tambayar tsofaffin ɗalibansa idan sun zo hutu, ya duba littattafansu, ya san ranakun rajista da abin da ake buƙata, domin hazaƙan yara da yawa sun rasa dama saboda babu wanda ya sanar da iyayensu a kan lokaci. Na uku, ya fara shiri da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ake fatan ya shiga makarantar kimiyya, tun yana aji huɗu na firamare ake gina masa karatu da lissafi.

Ya kamata kuma a saurari yaron da mahaifiyarsa. Ita ta san ko yana fitsarin kwance, ko yana da ciwon da ke tashi da sanyi, ko yana iya wanke tufafinsa. Waɗannan ƙananan abubuwa sun kori yara da yawa daga makarantar kwana fiye da wuyar Lissafi.

8.0 Kammalawa

Idan uban nan ya sake tambaya, "Gusau ko Sakkwato?", malami nagari ba zai yi gaggawar kiran sunan makaranta ba. Zai ce: "Alhaji, bari mu fara duba yaron, mu duba abin da gida zai iya ɗauka, sa'annan mu je mu gano wa idonmu." Zai iya yiwuwa a ƙarshe a zaɓi kwalejin tarayya, ko makarantar kimiyya ta jiha, ko ma a yanke shawarar yaron ya ƙara shekara uku a Talatar Mafara. Kowace aka zaɓa, idan an zaɓe ta bayan an ga malamanta da littattafan ɗalibanta da katangarta, an kuma san ƙarfin yaron da na mahaifinsa, to an sauke amanar da aka ɗora wa malami.